Gurbi Na Arba'in Da Bakwai

Da sunan Wanda ya san yawan yashin kogi da yawan ɗigon damina, bai ƙirga da yatsa ba, bai kuma taɓa tsallake guda ba. Bayan haka, ni ne Anaruwa ɗan Sallau, wanda a wata ƙasa mai nisa aka taɓa naɗa wa rawani saboda lissafi. Ku daina kallon rigar nan tawa, na san ta mutu. Ku matso ku ji yadda aka yi. Amma wanda ya zo neman labarin jarumta ya kama gabansa tun yanzu, don ba na son a tashi a ce na cuci kowa. Cutar da na yi a duniya ta ishe ni.

Na yi karatun lissafi a gaban Malam Tanimu Mai Alli, wani tsoho da ba ya iya tuna ko ya ci abinci, amma ba ya manta lamba. Shi ya koya mini cewa lambobi jinsi-jinsi ne kamar mutane. Akwai cika, wadda take rabuwa biyu daidai, akwai mara, wadda take barin guda. Ya ce kowace lamba tana da sassanta, wato ƙananan lambobin da suke raba ta ba saura. In ka tara sassan suka fi ta yawa, mai rara ce, kamar sha biyu, da sassanta suka kai sha shida. In suka gaza, mai giɓi ce, kamar goma, da sassanta suka tsaya a takwas. Wadda kuwa ba abin da yake raba ta sai ɗaya, kamar bakwai ko sha uku, ita ce marainiya.

"Saura guda," in ji shi, yana kaɗa alli a gaban hancina. "Kammalalliya. Ɗauki shida. Ɗaya da biyu da uku, nawa ke nan? Shida. Ba rara, ba giɓi. Irinta bakwai na gada wajen malamina, shi ma bakwai ya gada. Shida, ashirin da takwas, ɗari huɗu da casa'in da shida, dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas, sauran ukun sai ka ja numfashi kafin ka faɗe su. Ta takwas ba wanda ya taɓa ganinta. An ce can gabas akwai birnin da lamba take mulki. In akwai inda za a same ta, to can ne."

Ya rasu bai je ba. Ni kuwa maganar ta shige ni ta hana ni sakat. Ba ilmin nake so ba, in gaya muku gaskiya yau da tsufa ya cire mini kunya. So nake a ce Anaruwa ne ya samo ta takwas.

Da na ɗaure kaya, sai ga Cindo a ƙofar gida da sanda da gora. Ɗan goggona ne, abokin wasana, an haife shi da yatsa shida a hannun dama. Bai san ko baƙi ɗaya ba a allo. Na ce masa ina zuwa? Ya ce, "Malam Allo, kai da ba ka iya hura wuta ba za ka gabas kai kaɗai? Goggonka ta ce in bi ka in riƙa tuna maka cewa mutum yana cin tuwo." Haka yake kirana, Malam Allo, tun muna ƙanana. Muka kama hanya.

Mun yi wata bakwai muna tafiya, muka wuce ƙasar da itatuwa suke juya baya in an zage su, muka wuce kasuwar da ake sayar da inuwa a mudu, har muka iso wani babban kogi da ba a hango gaɓarsa ta can. Matafiya suka shiga jirgi, ni na tsaya a baki ina auna faɗin ruwan da ido ina rubutawa a allo, sai da Cindo ya daka mini tsawa na faɗa ciki a ƙarshe. Da muka kai tsakiyar ruwa, sai mai jirgin ya ajiye filafili ya fara ƙirga mu da yatsa. Bakwai. Fuskarsa ta canza.

"Kogin nan ba ya ɗaukar mara," ya ce. "Haka muka gada. In aka zama mara, wanda ya shigo a ƙarshe shi ake ba ruwa, don sauran su tsira. Mai allo, ka yi haƙuri."

Mutum biyu suka kama ni ta hammata. Wallahi duk lissafin duniya ya gudu daga kaina, ba abin da nake ji sai sanyin ruwan da ya riga ya taɓa mini ƙafa. Sai na ji muryar Cindo, a hankali kamar mai cinikin goro.

"Baba mai jirgi, tsaya mana. Sake ƙirgawa."

Ya sake. "Bakwai."

"To kai fa? A kan ruwa kake tafe da ƙafa? Ba a cikin jirgin kake ba?"

Mai jirgin ya dubi kansa. Ashe tun kakanninsu ba mai jirgin da ya taɓa sa kansa a ƙirga. Ya ɗora yatsa a ƙirjinsa ya ce, "Takwas." Aka sake ni. Shi kuwa ya zauna a gindin jirgi ya dafa kai, yana ambaton mutanen da ya ba ruwa a shekara talatin, ɗaya bayan ɗaya, har da wata mai jego. Cindo ne ya ɗauki filafilin ya ƙarasa da mu. Da muka taka ƙasa ya dube ni ya ce, "Malam Allo, yau dai na fi ka lissafi, ka rubuta a allonka." Na yi dariya, amma a raina abin ya ɗan sosa ni. Ku dubi halin mutum. An fitar da shi daga bakin ruwa, shi kuma yana jin haushin ba shi ya gano dabarar ba.

Bayan kwana ashirin muka iso Kogon Ninki. Mutanen wurin suka gargaɗe mu. Akwai wata ɓula a rufinsa, in rana ta take tsaka haskenta ya faɗo ciki, duk abin da yake cikin kogon sai ya zama biyu. Gero ya ninku, dutse ya ninku, kuma abin da ya fito daga ciki ba ya ruɓewa har abada. In kuwa mai rai ne, biyun da suka fito sai sun kashe juna, don kowanne yana cewa shi ne na gaske. Na ce zan leƙa kawai.

A ciki na ga tsibin tsakuwa da wani ya bari, na tsuguna ina tunanin yadda suka taru: biyu, huɗu, takwas, sha shida, talatin da biyu. Sai wani abu ya buɗe a kaina. Huɗu a cire ɗaya, uku, marainiya. A buga ta da rabin huɗu, shida ke nan. Takwas a cire ɗaya, bakwai, marainiya. A buga da rabin takwas, ashirin da takwas. Talatin da biyu a cire ɗaya, a buga da sha shida, ɗari huɗu da casa'in da shida! Ashe kowace kammalalliya da Malam ya bar mini marainiya ce ta haife ta, marainiyar da ake samu in an yi ninki an cire guda. Na zaro alli na hau rubutu. Ban ji Cindo yana kirana ba, ban ga hasken yana rarrafowa a bango ba. Sai ji na yi an fizge ni ta ƙafa an ja ni a kan duwatsu har waje. Hulata ta faɗi a ciki. Da muka waiwaya, huluna biyu ne a ƙasa.

"Malam Allo ɗaya ma ya ishe ni wahala," in ji Cindo, yana haki. "Biyu kuma ai sai in gudu in bar wa Allah."

A hanya na bi bakwai ɗin Malam ɗaya bayan ɗaya, na ga ta ƙarshensu daga ninki sau sha tara ta fito. Na gwada ninki na ashirin, na ashirin da ɗaya, na ashirin da biyu, duk in na cire guda sai su rabu a hannuna. Ina shirin kama na ashirin da uku zazzaɓi ya kayar da ni a ƙofar wani birni mai ganuwar farin dutse. Shi ne Birnin Gurabe, wanda Malam ya mutu da begensa.

Na farfaɗo a wata rumfa mai warin rama, wata tsohuwa tana ɗura mini kunun tsamiya da ludayi. Sunanta Goggo Marka, uwar gidan masu tufka igiya, mutum kusan ɗari uku da suke zaune a gindin ganuwa. Wata biyu na yi a hannunta. Ita ta wanke ni, ita ta yi mini faɗa in na ƙi cin abinci, ita ce kuma ta bayyana mini yadda garin yake.

A birnin nan kowane gida yana da lambarsa. Wanda ya kafa gidan yakan sa ƙwayar gero a Kogon Ninki, ya kwashe ranar da ya ga dama, abin da ya iso da shi gari bayan zubewa da ɓari shi ne lambar zuriyarsa. A dandalin fada akwai gurabe arba'in da aka sassaƙa a dutse, kowanne mutum zai iya kwanciya a ciki. Shekarar farko masu ƙirga su raba geron gida a gurbi biyu, ƙwaya-ƙwaya. In ya bar saura, baɗi a raba a gurbi uku, haka haka. Gidan da lambarsa ta zama mai rara, a ba shi wuri a kan tudu kusa da idon ruwa. Mai giɓi ya zauna a gangare, ruwan yana iso masa. Wanda kuwa aka kai gurbi na arba'in geronsa bai rabu ba, sai a ce lambarsa marainiya ce. Tunda ba ta rabawa da kowa, masu ita ma ba za a raba ruwa da su ba. A fitar da su Farar Ƙasa, filin gishirin da yake bayan ganuwa, inda hasken rana yake cin ido.

"Uwata ce ta kawo mu nan ina yarinya," in ji Goggo Marka. "Ta sa ƙwaya ɗaya, ta yi haƙuri kwana ashirin da uku. Ta ɗaure taikinta tsaf, ba ta zubar da komai ba. A ƙofar gari wani ɗan tsuntsu ya sauko ya tsinci ƙwaya ɗaya tak. Tun daga nan kowace shekara sai saura. Bana za a kai gurbi na arba'in, ɗan nan."

Na ce, "Goggo, nawa ne geron?"

Ta faɗe shi kamar mai faɗin sunan ɗanta. "Miliyan takwas da dubu ɗari uku da tamanin da takwas da ɗari shida da bakwai."

Nan take na gane ta. Ninki sau ashirin da uku, a cire guda. Lambar da nake nema ce, an auno mini ita a taiki an ajiye a ɗakin da nake jinya. In marainiya ce, na samu ta takwas. In ta rabu, Goggo Marka da mutanenta sun tsira, ni kuma na koma neman abin da watakila ba zan gani ba har in mutu. Na ɓoye wannan a raina, na karɓi ludayin na shanye kunun.

Cindo kuwa tuni ya zama ɗan gida. Yatsansa na shida ya yi masa rana a wajen tufka, igiyarsa ta fi ta kowa kyau. Kafin in miƙe sosai har ya nemi auren Kuluwa, 'yar autar Goggo, wata mai dariya da ƙarfi da ta iya mayar masa da baƙar magana. Na ja shi gefe na ce, "Kai, ka san halin da gidan nan yake ciki kuwa?" Ya ce, "Na sani mana. Ba ga ka ba? Me aka yi aka yi lamba da za ta gagari Malam Allo?" Aka ɗaura aure.

Ranar raba ta zo. Masu ƙirga ɗari biyu suka yi kusan wata guda a dandali suna jefa gero a gurabe arba'in. Da suka gama, ƙwaya bakwai ce ta rage a tafin hannun Sarkin Ƙirga. Mata suka fara kuka. Sai Goggo Marka ta fito ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, muna da baƙo. Muna neman bakin baƙo."

Wata tsohuwar doka ce tasu. Baƙon da bai ci gurasar fada ba yana da magana ɗaya. A ba shi kwana uku, in ya ambaci lambar da ta wuce arba'in wadda yake ganin za ta raba geron, dole masassaƙa su ƙara gurabe har su kai ta, a gwada. Ba a taɓa amfani da dokar ba, don mutanen garin sun yi imani abin da arba'in bai raba ba, ba abin da zai raba shi. Ni na san wannan wauta ce. Malam ya koya mini tun ina yaro cewa lamba mai girma haka sai an gwada ta da marayu ɗaruruwa, har kusan dubu uku, kafin a rantse a kanta. Sarkin Ƙirga ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kwana uku."

Aka ba ni ɗaki, Kuluwa ta kawo fura da alli sabo. Da hantsi na zauna. Arba'in da ɗaya: na raba, saura bakwai. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, na kuma ji kunyar daɗin. Arba'in da biyu ba sai an gwada ba, tunda biyu bai raba ta ba. Arba'in da uku: saura talatin da takwas. Na ɗaga alli zan ci gaba, sai hannuna ya tsaya.

Jama'a, ba gajiya ba ce. Kowane rabo ɗaya bai fi a dafa ruwan zafi ba. A kwana uku zan iya gwada ɗari biyu ina wasa. Tsoro nake ji kada in samu. Na ce wa raina, mutanen nan kusan shekara arba'in suna yi ba ta rabu ba, ni ma na ƙara biyu, ai alama ta nuna. Na ce wa raina, lamba mai kyau irin wannan ba za ta zama komai ba sai marainiya. Na ce in an fitar da su ma, zan roƙi Sarkin Ƙirga ya bar mini Cindo da matarsa. Na kife allon. Kwana biyu na yi a ɗakin nan ina buga lambar da rabin ninkinta, ina gyara kammalalliyata ta takwas, ina kallonta kamar amarya. Da Kuluwa ta ji ƙarar alli sai ta riƙa hana yara surutu a tsakar gida.

Da safiyar rana ta uku Cindo ya shigo, idonsa ja. "Malam Allo, ina muka kwana?"

Na ce, "Na kai har ɗari uku. Ba ta rabu ba."

Bai tambaye ni allon ba. Ina ma ya tambaya! Ya dafa kafaɗata da hannun nan nasa ya ce, "Ka yi iya yinka. Sannu." Ya fita ya gaya wa Goggo.

A dandali na tsaya gaban jama'a na ce marainiya ce. Na kuma ƙara da abin da ba a tambaye ni ba, na bayyana musu yadda take haifar da kammalalliyar da duniya ba ta taɓa gani ba. Sarkin Ƙirga ya miƙe tsaye don murna. Aka yi guɗa a kan tudu. A wannan yinin aka naɗa mini rawani, aka ba ni gurasar fada na ci, aka sa masassaƙa su rubuta lambata a ƙofar gari da sunana a ƙarƙashi. A wannan yinin kuma aka buɗe ƙaramar ƙofar baya.

Na roƙa a bar mini Cindo, aka ce shi baƙo ne, ya zauna in yana so, amma matarsa 'yar gidan ce. Na same shi yana ɗaure tukwane a kan jaki. Na ce, "Haba Cindo, ka yi tunani. Ka zauna, ni zan san yadda zan yi daga baya." Ya dube ni kamar bai gane yaren ba. "In zauna in sha ruwa, Kuluwa tana can da ciki? Kai dai ka riƙa cin abinci." Goggo Marka ta wuce ta gabana da sandarta, ta tsaya ta gyara mini bakin rawanin da ya zame, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ka wahala saboda mu." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara uku na yi a kan tudu, a gidan da ruwa yake gudu ta tsakiyarsa. Na yi ƙiba. Ban taɓa zuwa Farar Ƙasa ba, kullum sai in ce sai an sha iska. Allon nan kuwa yana rataye a kife, ban goge shi ba, ban kuma juya shi ba. Ran nan da azahar ƙusar ta cire, ya faɗo a gabana ta fuska. Ga rubutuna: arba'in da uku, saura talatin da takwas, sai fili. Ban san lokacin da na ɗauki alli ba. Arba'in da huɗu, da biyar, da shida, duk ba sa bukatar gwaji. Marainiya ta gaba ita ce arba'in da bakwai. Na raba. Dubu ɗari da saba'in da takwas da ɗari huɗu da tamanin da ɗaya a kowane gurbi. Ba saura. Na sake, na kuma sakewa, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. Furar da aka dama mini ko tsami ba ta fara ba na gama.

Mai giɓi ce. Gangare ya kamace su, inda ruwa yake isowa. Ta takwas ɗin tawa kuwa da take ƙofar gari ba komai ba ce, tarin lambobi ne kawai.

Na ruga fada ba takalmi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara gurbi bakwai! Bakwai kawai, a gwada a gani!" Sarkin Ƙirga ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Bakin baƙo ɗaya ne, ka kuwa yi amfani da naka. Yanzu kai ɗan gari ne, ka ci gurasarmu. Ɗan gari ya san gurabe arba'in ne." Na ce to a kankare sunana daga ƙofa. Ya ce dutsen ya yi tsada, kuma baƙi suna zuwa kallo. Na kwance rawanin na ajiye masa a gabansa, ko kallonsa bai yi ba.

Na fita ta ƙaramar ƙofa. Yini biyu na yi a cikin farin nan, na ɗaure idona da tsumma ina leƙe ta ƙasa. Na same su a bakin wata rijiya mai ɗaci, sun kafa bukkoki da tubalin gishiri. Rabinsu ba sa gani. Na tambayi Goggo Marka, aka nuna mini wani tudun kabari. Na tambayi Kuluwa, aka nuna mini na kusa da shi, aka ce ita da abin da ta haifa.

Cindo yana zaune a inuwar bukka yana tufka, ya rame har na kusa wuce shi. Idanunsa sun yi fari fat. Na yi sallama, hannunsa ya tsaya.

"Malam Allo," ya ce. Wallahi har da murmushi. "Ka yi ƙiba, daga takunka na ji."

Na durƙusa a gabansa na gaya masa. Ban rage komai ba. Na ce ta rabu, a arba'in da bakwai.

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "To ai ka ce ka kai ɗari uku. Kuskure ka yi a wajen?"

"Ban kai ba."

"Ina ka tsaya?"

"Arba'in da uku."

Ya ajiye igiyar. Ya ɗaga hannun dama, ya fara lanƙwasa yatsu a hankali. "Arba'in da huɗu. Da biyar. Da shida. Da bakwai." Ya shafa biyun da suka rage a miƙe. "Ko hannuna ɗaya ba ka cinye ba."

Na yi kuka kamar ba namiji ba. Na ce ya doke ni, na ce ya tara mutane su jefe ni. Na ce to a bar ni in zauna, in ja musu ruwa, in yi musu jagora tunda ina da ido, in mutu a nan a binne ni kusa da Goggo. Ya bar ni na gama. Sannan ya laluba ya ɗauki igiyarsa ya kama inda ya tsaya.

"Kowace safiya nakan ƙirga mu," ya ce. "Yau mu ɗari biyu da sha biyu ne, har da ni, ban manta kaina ba. Cika muke, Anaruwa. In ka zauna mun zama mara."

Tun da aka haife mu bai taɓa kirana da sunana a fuskata ba sai ranar. Na jira ko zai ƙara wani abu. Ba abin da na ji sai ƙarar rama a tsakanin yatsunsa.

Na tashi na kama hanya. Na sake ƙetare kogin nan, mai jirgin ya ƙirga mu har da kansa, muka zama cika, ban ma samu wanda zai jefa ni ba. Shekara talatin ke nan ina yawo da allon nan, ga shi, ku duba, ban goge ba. Duk garin da na shiga nakan tambaya ko akwai baƙon da ya iya rabawa, wanda zai je Birnin Gurabe ya ƙi cin gurasarsu, ya tsaya a dandali ya ce arba'in da bakwai. Kowa sai ya ce hanya ta yi nisa.

Iyakar abin da ya faru ke nan, ban ƙara ba, wannan karon kuma ban tsaya a hanya ba. Wanda ya ƙirga yashin kogi ya san inda ya sa ni a lissafinsa. Ku tashi, rana ta yi, ni ma zan gwada gari na gaba.